Jan da Ya Ƙi Fitowa a Kwamfutar Oga Martins

Kafanchan, 14 ga Satumba, 1998

Zuwa ga ƙanena Dogara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da amaryarmu Hellen. Yaya Legas, yaya ruwa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna Hajjo tana gaishe ka. Yanar idonta ta ƙara rufewa, amma bakinta yana nan yadda ka san shi. 'Yata Nafisa ta koma makarantar kwana a Kagarko. Ni ma ɗan tarin nan da ka ji ina yi ranar bikinka ya yi sauƙi, ina shan magani.

Na san za ka ce Kubra ba ta rubuto wasiƙa sai da dalili. To, da dalilin. Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito a Nok, saboda haka ko ka so ko ka ƙi, wahalata taka ce.

Oga Martins, mai maɗaba'ar da nake wa aiki, ɗansa ya aiko masa da sabuwar kwamfuta daga Ingila, ƙaramar nan mai buɗewa kamar littafi da kuke kira laftof. Kafin ya tashi zuwa ganin jikansa a can, ya kira ni a gaban mazan ofis duka, ya ɗora min ita a hannu. Ya ce ni zan riƙe ta, kuma a kanta zan tsara kalandar baɗi ta zumuntar matan cocinsu. Kai ka san shekarun da na yi ina buga tafireta a lungu kafin a yarda in taɓa ko babbar kwamfutar ofis. Ranar nan bakina bai rufu ba har gida.

Sai dai Dogara, abin nan ba ya nuna launi daidai. Shuɗi yana fita, ruwan ɗorawa yana fita. Ja kuwa ya koma kamar jiƙaƙƙen bulo, kore ya yi toka-toka, wani lokaci in jera su in rasa wanne ne wanne. Ga shi zanen zumuntar matan nan ja ne da koren ganye, kuma shi ne ya cika kowane hoto.

Abin da ke cin raina shi ne, ranar da na kawo ta gida na jona ta a janaretan maƙwabcinmu ba sitabilaiza, na kuma goge gilashin da jiƙaƙƙen tsumma. Ban sani ba ko ni na kashe ta da hannuna. Ban nuna wa kowa ba. Tana ƙarƙashin zannuwa a akwatina, sai na kulle ɗaki nake buɗe ta. In Madam Mildred, matar Oga, ta ji na lalata abin da ko wata bai yi ba, aikina ya ƙare. Da aikin nan nake riƙe da Inna da Nafisa tun rasuwar babanta, ba ni da wani.

Kai ne mai gyaran kwamfuta a zuri'armu. Ka rubuto min abin da zan yi dalla-dalla, kamar kana koya wa 'yar firamare. Don Allah kada ka buga wayar ofis, Madam ce ke ɗauka. Ka ba Kumai amsa, direban motar cittar da ya kawo maka wannan.

Yayarka,
Kubra


Ikeja, Legas, 24 ga Satumba, 1998

Yaya Kubra,

Na ga wasiƙarki, mun gode wa Ubangiji da kuna lafiya. Mu ma lafiya. Hellen tana kan aikin safe a asibiti, ta ce in gaishe ki, in kuma tambaye ki ina cittar da kika yi mata alkawari. A gaida Inna, a ce ɗanta na Nok bai manta da tuwonta ba.

Ki kwantar da hankalinki, Yaya. Jiƙaƙƙen tsumma ba ya cinye launi. Da janareta ya ƙona ta kuma, da ba za ta ma tashi ba. Ke da kike zagina da raini tun ina ɗan aji uku, yau ga ki kina neman malami. Ba komai, zan koyar kyauta.

Gilashin laftof ba kamar talabijin ba ne. In kin kalle shi daga sama ko daga gefe, kala tana canzawa. Ki zauna daidai gabansa, ki riƙa tura murfin baya kaɗan-kaɗan kina kallo. Kuma in a batir take, da kanta take rage haske don ta yi tattalin wuta, saboda haka ki gwada tana jone. A gefen gilashin akwai wani ɗan maɓalli mai zamewa, na haske ne, ki tura shi sama.

In bai yi ba, ki danna maɓallin dama a fili inda babu komai, ki zaɓi layin ƙarshe, ki shiga shafin ƙarshe. Za ki ga inda aka rubuta yawan launuka. Sau da yawa sabuwar kwamfuta tana zuwa a kan 16 ko 256, shi ke sa hoto ya yi kamar an wanke shi. Ki kai shi na can ƙarshe, ki kashe, ki kunna.

Babban gwaji kuma shi ne wannan. A bayanta akwai kafa mai ramuka layi uku. Ki zare igiyar babbar monitan ofis ki sa a nan. In monita ta nuna ja sosai, laifin gilashin laftof ne ko siririyar wayar da ke cikin maƙogwaron murfin, kuma wannan ana gyarawa. In ita ma ta nuna iri ɗaya, to matsalar tana ciki.

Da ma ki bari wani ya kalla tare da ke, ko da mutum ɗaya ne da kika yarda da shi. Amma ke kika san mutanen ofishinku.

Ƙaninki,
Dogara


Kafanchan, 8 ga Oktoba, 1998

Dogara,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya lau, jiki da sauƙi. Inna ta ce in ka tashi tunawa da tuwo ka riƙa haɗowa da sabulu. Ga cittar Hellen nan a hannun Kumai.

Na yi duk abin da ka ce. Na tura murfi gaba, na tura baya, har wuyana ya ƙage. Launukan da ma a kan na ƙarshe suke. Haske na kai shi ƙarshe har idona yana ruwa. Ja dai bai zo ba.

Ranar Lahadi, da duk suka tafi sujada, na buɗe ofis da mabuɗina na yi babban gwajin naka. Monita ta nuna abu ɗaya da laftof, ba bambanci ko kaɗan. Amma ba wannan ne babban tashin hankalin ba. Da na mayar da igiyar jikin babbar kwamfutar na kunna ta, ita ma janta ya mutu. Tambarin maɗaba'armu da na san shi ja wur, ga shi nan kamar tsatsa. Na ji ana cewa kwamfuta tana sa wa 'yar'uwarta cuta. Dogara, ko na kwashi cutar wannan na kai wa waccan? Ɗaya nake kuka da ita, yanzu sun zama biyu.

Abin da ya fi ba ni tsoro, a cikin mazan nan ba wanda ya ce uffan. Kullum suna aiki a kanta, suna hira, suna gaishe ni kamar ba komai. Na tabbata sun gani. Jira suke Oga ya dawo su zube masa a gabana, don tun ranar da ya ba ni laftof ɗin nan wasu ba su ƙara yi min dariyar gaske ba. Kuma kai kana cewa in nuna wa wani. In nuna wa wa?

Mama Roseline, shugabar zumuntar, ta kawo min zanensu don in daidaita launi da shi. Tana ta yabon jansa, wai sabo fil daga Kaduna. Ni dai na yi shiru don babba ce, amma ko makaho ya shafa ya san zanen nan ya sha wanki. Komai na bana haka yake. Tumatir da tattasai ma a kasuwa duk sun koɗe, ruwa ya yi musu yawa, ga tsada.

In za ka rubuto, ka daina ƙanƙance rubutu kamar mai rowar takarda. Da ƙyar na karanta rabin na ƙarshe.

Kubra


Ikeja, 16 ga Oktoba, 1998

Yaya Kubra,

Gaisuwa a gurguje, Kumai yana jira ya kunna mota. Muna lafiya, citta ta iso, Hellen ta gode.

Ba cuta ba ce, ki cire wannan a ranki. Cutar kwamfuta ba ta bin igiyar monita. Abin da nake zato, garin zarewa da mayarwa kin lanƙwasa ɗaya daga cikin ƙananan alluran da ke bakin igiyar. Allura ɗaya ce ke ɗauke da ja, in ta kwanta ja ya tafi. Ki duba, ki miƙe ta da tsinke a hankali.

Ita laftof kuma, tunda monita ta nuna iri ɗaya, matsalar ciki ce. Sai na gan ta da idona, kuma ba zan samu hutu ba sai Kirsimeti. Kafin nan ga dabara don aiki kada ya tsaya. A cikin manhajar da kike gyara hoto akwai inda ake ƙara ja da kore. Ki ajiye zanen Mama Roseline kusa da ke, ki yi ta ƙarawa har sai hoton ya yi miki daidai. Haka muke yi a nan in kwastoma yana sauri.

Dogara


Kafanchan, 1 ga Nuwamba, 1998

Dogara,

Ina gaisuwa. Lafiya lau muke. Jiki da sauƙi, har na daina zuwa asibiti tun wata biyu da suka wuce. Layinmu a can a fili yake, duk mai wucewa sai ya ga wanda ke zaune, kuma garin nan ka san bakinsa. A wani kemis nake sayen ƙwayoyin yanzu, na nuna masa tsofaffin fakitin yana ba ni irinsu. Wata na bakwai ke nan ban fasa sha ba ko sau ɗaya.

Alluran igiya na duba, na shafa da yatsa, duk a miƙe suke.

Dabararka kuma ta jawo min abin kunyar da ban taɓa gani ba. Na ƙara ja, na ƙara, na ƙara, har hoton ya fara kama da yadda na san zanen zumunta a da. Na buga gwaji ɗaya na kai wa Mama Roseline har gida, ina murna. Matar nan ta riƙe takardar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko wani abu suka yi min. Ta ce fuskokinsu kamar an tsoma su a manja, matar fasto kamar wadda wuta ta babbake. Ta kira 'yarta, ita ma ta toshe baki tana dariya. Ta ce ba don sanin Inna da ta yi ba, da a ranar za ta kai wa Madam. Ta ba ni zuwa ranar godiyar kaka ta cocinsu in kawo na kirki.

Na dawo gida na zauna a tsakar gida da rana tsaka, na sa takardar a cinyata. Wallahi Dogara, ni ban ga abin da suke faɗa ba. A idona daidai take, in ma da laifi jan bai isa ba. To wa ke ƙarya? Kwamfuta ta yi min ƙarya, firinta ta yi min ƙarya, yanzu har takarda? Ko dai haɗa baki aka yi da matar nan don a raba ni da aikin?

Oga zai dawo farkon Disamba. Abinci ba ya shiga min. Inna tana tambaya me ya sa nake zuba gishiri a koko, na ce mata gajiya ce. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, biron ne ba ya fita sosai.

Ka faɗa min abin da zan taɓa kuma. Ko in ɗauko ta in zo Legas?

Kubra


Ikeja, 9 ga Nuwamba, 1998

Yaya Kubra,

Yau ba zan tsaya dogon gaisuwa ba, ki yafe min. Na yi rubutun da girma don ki karanta da kanki.

Na karanta wasiƙarki na rasa kanta, sai na ba Hellen. Ta karanta, ta ce in ɗauko mata sauran biyun. Ta jera su a tebur, ta nuna min yadda rubutunki yake ƙara girma daga ta farko zuwa ta uku. Ta nuna min tumatir, ta nuna min zanen Mama Roseline, ta nuna min monitan da mazan ofis ba su ga laifinta ba. Ni duk na karanta waɗannan na wuce, ina neman allura da waya. Gaisuwarki ma tsallake ta nake yi, don kullum lafiya lau ce.

Sannan ta ce tarin da ake shan maganinsa wata bakwai, mai layinsa daban a asibiti, guda ɗaya ne. Yaya, tarin fuka ne, ko ba haka ba? Ba abin kunya ba ne, ana warkewa, kuma wanda ya daɗe haka a kan magani ba ya sa wa kowa. Amma Hellen ta ce a cikin ƙwayoyin akwai ɗaya da kan taɓa jijiyar ido a wasu mutane, musamman in mutum ya rame ba a sake auna shi an rage masa ba. Alamar farko ita ce ja da kore su dushe. Bayan nan rubutu ya fara hazo. Shi ya sa a asibiti suke tambayar ido duk zuwa. Mai kemis ba zai tambaya ba.

Kwamfutar Oga lafiyarta ƙalau, ina da tabbaci. Ba ki lalata komai ba. Idonki ne.

Ranar da wannan ta same ki, ki kwashi fakitin duka ki je wurin likitan da ya fara duba ki. Kada ki jira gobe, kada kuma ki yanke maganin duka da kanki, shi zai san wanda zai cire. Hellen ta ce in an tsayar da wuri gani yakan dawo, in an daɗe ba lallai ba ne. Ni na ce ki ƙara ja, na ɓata miki makonni. Wannan yana wuyana.

Ki ba Kumai amsa ko layi ɗaya ne.

Dogara


Ikeja, 23 ga Nuwamba, 1998

Yaya Kubra,

Ban ga Kumai ba, ban ga amsa ba. Na je garejinsu, aka ce motarsa ta lalace a Jere tun tafiyar can, yana zaune yana jiran kayan gyara. Wato wasiƙata tana aljihun mota, ke kuma kullum da safe kina haɗiyar ƙwayar nan.

Na yi abin da kika ce kada in yi. Yau na buga wayar ofishinku, Madam Mildred ta ɗauka, na faɗa mata komai, da laftof da tarin da idon. Na roƙe ta ta je gidanku yanzu. Na san abin da kike tsoro, kuma ban san matar nan ba, ban san abin da za ta yi da maganar ba. In aikin ya tafi ta dalilina, ɗakinmu ɗaya ne da falo amma zai ɗauke ku. Ki yi fushi da ni yadda kike so, in dai kina ganina lokacin da kike zagin.

Wannan ta gidan waya na aiko.

Dogara


Kafanchan, 19 ga Disamba, 1998

Dogara,

Ina gaishe ka, ina gaida Hellen gaisuwa ta musamman. Ka saba in ce lafiya lau. Yau ba zan ce ba. Tarin fuka ne, tun watan Afrilu. Ya kusa warkewa. Idon hagu ya fara washewa, na dama har yanzu hazo ne a tsakiya, kuma likita ya ce ba zai yi min alkawari a kansa ba. Inna tana nan, Nafisa ta zo hutu, na faɗa musu su ma.

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso, bayan komai ya riga ya faru. Da ka ga fushin da na yi da kai, da ka fasa zuwa Kirsimeti.

Ranar da ka buga wayar, ina gida ina wanki na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Madam ta shigo ko zama ba ta yi ba, ta ce in kawo laftof. Na ɗauko ta daga ƙarƙashin zannuwa, na riga na fara lissafin wa zai ɗauke ni aikin tafireta a garin nan. Ta buɗe, ta kunna, ta buɗo hoton farko wanda ban taɓa ba. Ta ce, "Kubra, wannan jan har yana shiga ido. Me kike gani?" Na ce bulo. Sai ta rufe ta, ta ce in ɗauko mayafina da fakitin magani.

A mota ta yi min faɗa tun daga ƙofar gida har asibiti. Ba a kan kwamfuta ba, ko sau ɗaya ba ta ambace ta ba. Ta ce wata da watanni tana tambayata jiki ina cewa da sauƙi, tana ganin zanena yana zagaye ni sau biyu. Ta ce ƙaninta da wannan ciwon ya tafi, shi ma da sauƙi yake cewa har ranar ƙarshe. Ta zauna da ni a layin nan da nake gudu, a fili, tana gaisawa da duk wanda ya wuce. Likita ya buɗe min wani littafi mai ɗige-ɗigen launi ya ce in karanta lambobin ciki. Ni ban ga lamba ba. Ya cire ƙwaya ɗaya, ya canza min wata, ya yi min nasa faɗan shi ma.

Oga ya dawo. Ba zan ɓoye maka ba, da ya ji sunan ciwon sai da ya ja kujerarsa baya, kuma cikin mazan nan akwai wanda ya ɗauke kofinsa daga inda muke ajiyewa. Washegari Madam ta zo ofis, ta ɗauki kofina ta sha ruwa a gabansu, ta ajiye, ta wuce. Laftof tana hannuna har yanzu. Sharaɗin Oga shi ne duk aikin launi sai wani ya zauna kusa da ni. Kalandar haka muka yi ta, ni da hannu, Mama Roseline da ido, tana cewa ƙara, rage, tsaya nan. Ta ba ni haƙuri a kan dariyar 'yarta, na ba ta haƙuri a kan zanenta da na ce ya sha wanki a zuciyata.

Ga guda nan na sa maka a ambulan. Kowa yana yabawa, amma ka san mutanenmu, ko ba kyau za su ce ya yi. Ka duba da idon mai gyara ka faɗa min gaskiya.

Ban gama huce fushin ba, ka sani. Na ce kada ka buga waya ka buga. In ka zo sai ka durƙusa, kuma ka zo da sabulun Inna.

Jiya da safe Nafisa tana yanka tattasai a faranti, ina zaune ina shan magani. Na rufe idon dama kamar yadda likita ya ce in riƙa gwadawa. Can gefen farantin na ga guda ɗaya ja. Ba sosai ba, amma ja ne. Na ce ta bar min shi kada ta yanka. Yana nan kan tagata, duk na wuce sai na duba.

Yayarka,
Kubra